Wa ake kira mai lafiya? Muhawarar da ta ɓarke a zauren 'yan unguwa

Mannir: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya ga likitocinmu da malamanmu. A makarantar koyon aikin lafiya an ba mu ma'anar lafiya ta Hukumar Lafiya ta Duniya mu haddace, wai lafiya ita ce mutum ya kasance cikin cikakkiyar walwala ta jiki da ta hankali da ta zamantakewa, ba rashin ciwo ko naƙasa kaɗai ba. Na haddace, tunda jarrabawa ce. Amma abin ya tsaya mini a rai. Kawuna yana shan maganin hawan jini tun ina firamare, kuma har yau shi ke noma gonarsa a hanyar Jibiya, wallahi ya fi ni ƙarfi. A wannan ma'auni marar lafiya ne ke nan? In haka ne, wa ya rage mai lafiya a Katsina?

Bishir: Babu ko mutum ɗaya. Duk magidancin da ya shiga kasuwa ya tambayi kuɗin tiyar gero, hankalinsa ya bar cikakkiyar walwala sai dai wani jiƙon.

Dakta Sada: Wa alaikumus salam Mannir. Ba kai ka fara wannan tambaya ba, manyan likitocin duniya sun daɗe suna kokawa da ita. An rubuta wannan jimla ne a 1946, shekara guda bayan gama Yaƙin Duniya na Biyu, ƙasashe 61 suka sa hannu, ta fara aiki ranar 7 ga Afrilu 1948. Shi ya sa kowace 7 ga Afrilu ake ranar lafiya ta duniya. Har yau ba a taɓa ta ba.

Ka duba su wa suka rubuta ta: mutanen da suka fito daga yaƙi, suka ga yunwa da gudun hijira da waɗanda suka dawo daga fagen daga ba rauni a jiki amma kai ya taɓu. Abin da suka so su kashe shi ne tunanin cewa da zarar likita ya duba ka bai ga cuta ba, magana ta ƙare. A nan sun yi daidai. Sai dai a zamaninsu cututtukan da suka fi ɗaukar rai na kamuwa ne, ka kamu ko dai ka warke ko ka tafi. Yanzu kuwa ga miliyoyin mutane suna shekara 20, 30 da ciwon suga ko hawan jini ko sikila, suna aure suna haihuwa suna fita nema. A 2011 wasu masana ƙarƙashin wata likita 'yar ƙasar Holan, Machteld Huber, suka kawo shawara a mujallar likitocin Birtaniya cewa a ajiye maganar cika, a auna lafiya da yadda mutum ke iya jure abin da ya same shi, ya daidaita rayuwarsa, ya kula da kansa. A wannan ma'aunin kawunka mai lafiya ne. Da sharaɗi ɗaya: a riƙa yi masa awo, kada jinin ya riƙa haura 140 bisa 90.

Hajiya Indo: Dakta ɗana, sannu da ƙoƙari. Amma ni wannan sabon ma'aunin naku ban sayi shi duka ba. In jurewa ce lafiya, tau matan karkararmu sun fi kowa lafiya a duniya. Na yi aikin karɓar haihuwa a ƙasar Daura har na yi ritaya. Mace za ta zo awo ƙafa ta kumbura kamar za ta fashe, zobe ya nutse a yatsa, ka tambaye ta ta ce ba abin da ke damunta, ai haka ciki yake. Ka ɗaura mata abin awo ka ga jini ya yi sama. In ba a tare ba, ita ce za a kawo da dare a bayan a-kori-kura tana jijjiga, an tura mata cokali a baki.

Ga kuma masu yoyon fitsari. Na ga yarinyar da ta shekara da shekaru a ɗakin baya na gidan ubanta, miji ya sake ta, ta koyi yadda za ta rage shan ruwa don kada ta jiƙe, ta daina zuwa biki da suna, tana saƙar hula tana ciyar da kanta. Ta jure, ta daidaita rayuwarta, tana kula da kanta. Duk sharuɗɗan matar Holan ɗin ta cika su. Mai lafiya ce? Sai da aka kai ta asibitin masu yoyon fitsari na Babbar Ruga aka yi mata aiki sannan ta koma cikin mutane. Wancan tsohon ma'aunin, duk da tsaurinsa, shi ne ya ce zamantakewa ma lafiya ce, kuma shi ne bai bar gwamnati ta ce ai kun saba ba.

Dakta Sada: Mama, wannan ita ce babbar sukar da aka yi wa shawarar Huber, kuma ke kin faɗe ta da hujjar da ta fi ta cikin mujalla. Ni abin da nake yi shi ne, in ina gaban marar lafiya ɗaya, kamar kawun Mannir, ba na ce masa kai ba za ka taɓa zama mai lafiya ba. In kuma ana maganar abin da ya kamata hukuma ta yi wa jama'a, tsohon ma'aunin nake ɗauka.

Malam Lawal: Bari mu sa baki. Tirmizi ya ruwaito hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake cewa wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiya a jikinsa, yana da abincin yininsa, to kamar an tattaro masa duniya ne gaba ɗaya. Ku lura da jerin. Ba a ware jiki shi kaɗai ba, an sa shi tsakanin tsaro da abinci. Kuma ba a ce sai ya cika ba, an ce abincin yini.

Mannir: Allah ya gafarta Malam, wannan ya yi kama da abin da muka karanta na taron Otawa ta Kanada a 1986. Su ma da suka jera abubuwan da lafiya ba ta samuwa sai da su, zaman lafiya suka fara sawa, sannan muhalli, ilimi, abinci, abin shiga aljihu.

Malam Lawal: Tau ka ga sun zo a makare.

Murja: Ni maganar aminci ce ta taɓa ni. Iyayena 'yan ƙasar Batsari ne. Gwaggona tana nan cikin gari tare da mu tun da rashin tsaro ya tashe su. An kai ta asibiti an yi gwajin jini, an yi na fitsari, an ɗauki hoton ƙirji, komai lafiya. Amma in babur ya wuce da dare da ƙarfi sai ta miƙe zaune tana salati, ba ta ƙara komawa barci. Ta rame. A takarda ba ta da ciwo.

Kuma ba ita kaɗai ba ce matsalar. A ƙauyensu ɗakin shan maganin yana nan da kwanonsa, amma ma'aikacin ya daina kwana, daga baya ya daina zuwa, kuma ban ga laifinsa ba. Gonakin nesa ba a noma su. Masu rigakafi ba sa shiga. Yaron da aka haifa a irin wannan wuri ba wata cuta ɗaya ce ke kama shi ba, gero ne ya ƙare tun kafin damina ta yi nisa, sai gudawa, sai ƙyanda ta bi ta kai, sai ka gan shi gashi ya yi ja ƙafa ta kumbura. Ku je wuraren da ake jinyar tamowa a cikin garin nan ku tambayi uwayen daga ina suke.

Bishir: Anti Murja Allah ya kawo mana ƙarshen abin nan. Amma mu yi adalci, ana ƙoƙari. Ku zaga ku ga ƙananan asibitocin da aka gyara, an sa sola, an yi fenti, an kawo gadaje. Ai lafiyar al'umma ke nan.

Hamisu: Jama'a akwai mai buƙatar fili hamsin ba hamsin a bayan Kofar Ƙaura, takardu cikakku, ya yi mini magana ta gefe.

Hajiya Indo: Hamisu, ana maganar rai kai kana tallar fili.

Dakta Sada: Bishir, gyaran asibiti alheri ne, ni a ciki nake yini, ba zan ƙi gado mai kyau ba. Amma asibiti wurin da ake kai lafiyar da ta riga ta lalace ne. Wanda ke son sanin lafiyar gari ba gadaje zai ƙirga ba, zai tambaya ne: cikin yaran da aka haifa, nawa suka kai shekara 5? Cikin matan da suka yi ciki, nawa suka sauka lafiya? Wane ruwa ake sha? Kuma su wa abin ya fi faɗa wa?

Manya a zauren nan sun san kurkunu. A ƙarshen shekarun 1980, da aka bi ƙasar nan ƙauye ƙauye aka ƙirga, an samu mutum sama da 650,000 da shi a Najeriya, mun fi kowace ƙasa. Kurkunu ba shi da magani, ba shi da allurar rigakafi, har gobe. Amma na ƙarshe da aka gani a ƙasar nan a 2008 ne, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba mu shaidar rabuwa da shi. Da me aka ci shi? Da ƙyallen tace ruwa, da rijiyoyin burtsatse, da hana mai tsutsa a ƙafa shiga tafkin da ake sha, da 'yan sa kai a ƙauyuka masu kai rahoto. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da Janar Gowon sun yi ta yawo a kan maganar. 

Hajiya Indo: Kurkunu! Allah ya raka taki gona. Da damina yake fitowa, daidai lokacin noma. Sai ka ga ƙato zaune a ƙofar gida an ɗaure masa tsutsar a ɗan tsinke, kullum a murɗa kaɗan, in aka yi gaggawa ta tsinke ƙafa ta rure. Sati da sati yana zaune ciyawa na cinye gona. Yaran yanzu in ka ba su labari sai su ɗauka tatsuniya ce.

Mannir: Kamar labarin John Snow da ake koya mana, likitan da ya bi gida gida a Landan a 1854 yana rubuta inda masu kwalara suka mutu, ya gano duk famfo ɗaya suke ɗiba, aka cire hannun famfon.

Alhaji Dikko: Ina ta karanta ku tun ɗazu. Dakta, da girmanka, ni waɗannan lambobin naku ne ban yarda da su ba. Kullum rediyo ta ce ɗan Najeriya shekara 50 da 'yan kai yake yi a duniya. Mahaifina ya haura 90, yayarsa ta fi shi. A masallacinmu sahun gaba duk farin gemu ne. Halan wa ya ƙirga mu? Ni dai ba wanda ya taɓa zuwa gidana ya tambaye ni. Suna zaune a ofis a Abuja ko Turai su rubuta abin da zai kawo musu kuɗin tallafi.

Dakta Sada: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Tambaya biyu ka yi, kuma duka suna kan hanya.

Ta farko. Wannan lamba ba tana nufin in ka kai 55 ka shirya likkafani ba. Matsakaici ne. Ɗauki misali, uwa ta haifi 'ya'ya biyu, ɗaya ya rasu kafin a yaye shi, ɗaya ya kai 90. Ka haɗa ka raba biyu, ka samu 45 da ɗan wani abu. Ba wanda ya mutu yana 45 a gidan. Mutuwar ƙananan yara ce ke jan lambar ƙasa. Ka tambayi tsofaffin gidanku 'ya'ya nawa kakarka ta haifa, nawa suka girma. Sahun gaba na masallaci waɗanda suka tsira ne. Waɗanda ba su tsira ba ba sa cikin sahu balle ka gan su.

Ta biyu. Kai ɗan kasuwar hatsi ne. In za ka sayi buhu 200 a Mai'aduwa ba ka zazzage su duka, kana soka ƙarfen nan a wannan da wancan, sama da ƙasa, ka duba abin da ya fito a tafin hannunka. Abin da ba za ka yarda ba shi ne mai kaya ya zaɓa maka buhun da za ka soka. Haka binciken yake. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke yin sa bayan 'yan shekaru, a zaɓi gidaje ta hanyar ƙuri'a a kowace jiha, mata ma'aikata su shiga su zauna da matan gida su tambaye su kowace haihuwa da suka yi, yaron na raye ko ya rasu, yana da wata nawa. A na 2018 an shiga gidaje sama da 40,000. Abin da ya fito: cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Najeriya, 132 ba sa kai shekara 5.

Amma lambar da ta fi hana ni barci ba ita ba ce. In ka fasa ta shiyya shiyya, Kudu maso Yamma 62 ne, mu nan Arewa maso Yamma 187. Ƙasa ɗaya, Naira ɗaya, ministan lafiya ɗaya, amma yaronmu ya ninka na Ibadan sau uku a haɗarin mutuwa. Yaran da suka tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki, a shiyyarmu 57 ne cikin 100, a Kudu maso Gabas 18. Masu wannan fanni shi ya sa suke cewa lafiyar al'umma abu biyu ce, yadda jama'a suke a dunƙule, da yadda abin ya rabu a tsakaninsu. Kuma na tabbata in aka fasa Katsina kanta, GRA daban, Sabuwar Unguwa daban, ƙauyen su Murja daban.

Alhaji Dikko: Maganar buhu na gane ta. Amma mace za ta faɗa wa baƙuwa gaskiyar 'ya'yanta da suka mutu? Matanmu da ko sunan ɗan fari ba sa faɗa?

Hajiya Indo: Alhaji ka taɓo wurin. Da yawa ba sa faɗa, musamman wanda ya koma kafin suna. Sai ta ce maka haihuwarta shida, sai kin zauna kin yi hira kin ce wancan tazarar fa, sannan ta ce ai akwai wani bai zo da kwana ba. Ke nan in akwai kuskure a lambar, ragi ne ba ƙari ba.

Mannir: Akwai abin da malaminmu ke yawan nanatawa: duk wanda ya ce maka mutum kaza sun kamu, ka tambaye shi cikin mutum nawa, kuma cikin wane lokaci. Misali a ce ƙauye mai mutum 500 an samu 20 da amai da gudawa a sati ɗaya, unguwa mai mutum 10,000 an samu 40. A rediyo 40 ce za ta fi ƙara, amma ƙauyen ne ke cin wuta, 4 cikin 100 ne, unguwar ko rabin 1 cikin 100 ba ta kai ba. Sannan a raba sabbin kamuwa da waɗanda suke ɗauke da ciwon tun da. In aka samu magani mai kyau na ciwon suga, masu ɗauke da shi za su ƙaru a lissafi, don sun daina mutuwa. Wanda bai sani ba sai ya ce abin ya lalace.

Bishir: Yaro ya fara zama Dakta. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.

Alhaji Dikko: Tau na ji. Amma ga abin da ya daɗe yana ci mini rai, kuma ba ni kaɗai ba. Shekara da shekaru ana bin mu gida gida da ɗigon shan inna kyauta, har da alli a bango, har da sabulu. Amma ranar da jikana ya yi zazzaɓi da tsakar dare, kati kuɗi, gwaji kuɗi, allura a rubuta maka ka tafi kemis, safar hannu ma kai za ka saya. Cutar da ke kashe mu a gabanmu ba a kawo mana maganinta gida, wadda ba mu gani ita ake bin mu da ita. Yaya mutum ba zai yi zargi ba?

Dakta Sada: Wannan ƙorafi gaskiya ne Alhaji, kuma duk wanda ya yi aikin rigakafi a Arewa ya sha jin sa a ƙofar gida. Zargin ma yana da tushe. A 1996, shekarar babbar annobar sanƙarau da ta kama mutum sama da 100,000 a Arewa ta kashe sama da 11,000, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani a kan yara kusan 200 a Kano, maganar da ta kai kotu har aka sasanta a 2009. Da aka zo 2003 wasu jihohi suka dakatar da rigakafin shan inna, mutane da wannan a ransu. Sakamakon kuwa yara ne suka biya, cutar ta yaɗu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai a 2016 aka ga ta ƙarshe a Borno, a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar. Yardar jama'a ita ma abin ƙirgawa ce a lafiyar gari, in ta zube sai an shekara goma ana kwasa.

Akwai kuma wata wahala da ke cikin rigakafi ita kanta, wadda wani masani ɗan Ingila, Geoffrey Rose, ya yi bayani a shekarun 1980. Abin da ke amfanar gari gaba ɗaya, mutum ɗaya ba ya ganin amfaninsa a jikinsa. An ɗiga wa jikanka, bai shanye ba, kai kuma ba za ka taɓa sanin ko da ma ba zai shanye ba. Maganin zazzaɓi kuwa ka ba shi yau gobe ka ga yaro na wasa. Shi ya sa ɗan siyasa ya fi son ginin da za a yanke masa ƙyalle. Amma da aka yi sake da allurar jarirai, ai mun ga mashaƙo a 2023 a Kano da Yobe da nan Katsina, cutar da likitoci da yawa sai a littafi suka san ta.

Kuma don adalci, zazzaɓin ma yanzu ana bin gida da shi. Maganin nan da ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 kowane wata da damina, a jihar nan aka fara gwada shi a Najeriya, a 2013. Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya. Matsalar da nake gani ita ce ma'aikaci ya ba da na ranar farko a gabansa, ya bar na kwana biyu, uwa ta ajiye a kan taga ta ce sai yaro ya yi zazzaɓi.

Malam Lawal: Wasu kuma za su ce maka ai kwana ne, in ya ƙare ya ƙare. Gaskiya ne ajali ba ya jinkiri, amma ba a fakewa da shi. Sayyidina Umar yana hanyar Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke, ya yi shawara ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya ce gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Ya ce eh, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Sannan Abdurrahman bin Auf ya zo da hadisin cewa in kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shiga, in kuna ciki kada ku fita. Wannan hukunci ne na kare jama'a, ba na mutum ɗaya ba, don wanda aka hana fita wataƙila shi da ya fita ya tsira.

Bishir: Duk na ji, amma komai kuɗi ne. A ina za a samo?

Dakta Sada: A Abuja shugabannin Afirka suka zauna a 2001 suka yi alkawarin kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa kai wa nan ba. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don ƙananan asibitoci. Tunanin kuma ba sabo ba ne, tun taron lafiya na duniya da aka yi a birnin Alma Ata a 1978 aka ce a kai lafiya inda mutane suke, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya ɗauko shi da gaske lokacin yana minista daga 1985. Jihar nan mazaɓu 361 gare ta a ƙananan hukumomi 34. Tambayar da zan so kowa ya yi wa kansilansa ba ta fenti ba ce: asibitin mazaɓarmu, akwai mai karɓar haihuwa da ƙarfe biyun dare?

Amma Bishir kada ka manta, rabin abin da muka lissafa ba ya cikin kasafin ma'aikatar lafiya. Ruwan famfo na madatsar Ajiwa in ya zo ko bai zo ba, kwatar da ta toshe, yarinyar da aka bari ta gama sakandare, hanyar da mota za ta bi da damina. Binciken da na ambata duk lokacin da aka yi shi yana nuna 'ya'yan uwar da ta yi karatu sun fi rayuwa.

Hajiya Indo: Ni bari in kawo abin da ke hannunmu. Alhaji ya ce wa ya ƙirga mu, kuma yana da gaskiya ta wani gefen, mu ba ma ƙirga kanmu. Yaro ya rasu da asuba, kafin hantsi an kai shi, an yi addu'a an watse. Ba inda aka rubuta. In yara biyar suka tafi da gudawa a layi ɗaya cikin wata guda, kowane gida zai ɗauka nasa ne kaɗai. Alhali liman ya sallaci duka biyar ɗin, mai unguwa ya je gaisuwar duka. Me zai hana a ajiye littafi ɗaya a wurin mai unguwa, suna da rasuwa, shekaru, da abin da iyali suka ce ya yi ajali? Ƙarshen wata Mannir da abokansa su duba.

Malam Lawal: Ba abin da ya hana a shari'a. Zan yi wa liman magana bayan Isha'i. Sai dai a kiyaye sirrin mutane, kada littafin ya zama abin hira a majalisa.

Alhaji Dikko: Littafi da biro ni zan saya. Amma a hannunmu zai zauna, ba za a ɗauke shi a kai wa wasu su nemi tallafi da sunanmu ba.

Hajiya Indo: Kuma a sa ungozomomi a ciki. Ɓari da wanda aka haifa ba rai ba sa kai wa ga liman, a cikin gida ake gamawa.

Murja: Mama, waɗanda aka taso daga ƙauyuka suke zaune a kangwayen bayan makaranta fa? Ba su da mai unguwa a nan, nasu yana wani gari shi ma yana gudun hijira. Kuma su ne suka fi binne yara.

Alhaji Dikko: A sa su a namu. Rijiya ɗaya muke sha da su.

Bishir: Tau a tsayar da rana. Asabar bayan La'asar a ƙofar gidan mai unguwa ta yi? Dakta in kana da aiki ranar ka faɗa tun yanzu a matsar.

Dakta Sada: Ina da aikin kwana ranar Juma'a, amma zan zo. Mannir ka zana yadda shafin zai kasance ka turo nan kafin Alhamis, Mama ta duba ta gyara.